Jinin Lawal Baduku a Firijin Madam

Ku da kuke shigowa ɗakin gwajin jini da farar riga sabuwa fil da takardar makaranta a hannu, na san abin da kuke gani. Kuna ganin allura, kuna ganin 'yar kwalba, kuna ganin wani tsoho a kan benci yana gyangyaɗi, sai ku ce a ranku wannan aiki ai ko barci ake yi a yi shi. Tsohon ni ne, gyangyaɗin kuma gaskiya ne, ban musa ba. Amma ku ɗan zauna in gaya maku abin da na gani kafin gyangyaɗin ya kama ni.

Ni ɗan wanzami ne. Babana a Ƙofar Marusa ya yi aski da ƙaho da kaciya har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ya so in gaje shi. Makarantar boko na leƙa ta, ita ma ta leƙa ni, muka ga ba mu dace da juna ba, muka rabu lafiya. Aska ma ba ta fi ba. Ranar da na haɗa wa wani Alhaji aski har da rabin girarsa, Baba ya karɓi askarsa ya goge, ya ce in je in nemi sana'ar da ba ta da kaifi. Sai ga shi na faɗa wadda take da tsini. Wani maƙwabcinmu ne ya samar mani shara a wani ƙaramin ɗakin gwaji a Ƙofar Kaura, kuma a nan na tsufa.

Aikina na farko wankin kwalabe ne. A lokacin ba a jefar da su kamar yanzu, na gilas ne, a yi aiki da su a wanke a sake. Za ka jiƙa su, ka zura ɗan buroshi har ƙasa, ka ɗauraye, ka sake ɗaurayewa, har sai hancinka ya daina jin sabulu. In ka bar ko ɗigon kumfa a ciki, jinin da aka zuba zai fashe, ruwansa ya yi jajaja kamar zoɓo, gwaji ya lalace, a sake kiran mutum a huda shi. Ba wanda zai zagi injin gwaji. Mai wankin kwalba ake nema, ni ke nan.

Wadda ta mai da ni mutum a wannan aiki Madam Rifkatu ce, 'yar kudancin Kaduna, ita ce babbar mai gwaji a wurinmu. Gajeruwa ce, ba ta ɗaga murya, Hausarta tana da ɗan lanƙwasa irin ta can, kuma Baba Wanzam take ce mani tun ina da sauran baƙin gashi. Da ta ga karatuna bai wuce in gane sunana a jikin ambulan ba, sai ta koya mani da launi. Kwalba mai jan murfi, a bar jini ya kwanta ya yi guda kafin a taɓa shi. Mai shuɗin murfi, ita ce ta duba daskarewar jini, dole a cika ta daidai layi, kada ta gaza kada ta wuce. Mai murfi shunayya, a juya ta a hankali sama da ƙasa. Ranar farko na kama ta na girgiza iya ƙarfina, Madam ta tsaya tana kallona, sannan ta tambaye ni ko fura nake damawa.

Akwai kuma injin juyi, wanda ake jera kwalabe a cikinsa ya yi ta wulwulawa har jini ya rabu biyu, ja a ƙasa, ruwa mai kama da man gyaɗa a sama. Dokarsa ɗaya ce: kowace kwalba sai da 'yar'uwarta a ɗaya gefen, nauyi ɗaya. Ni kuwa na taɓa jera su duk gefe guda don su yi kyan gani. Injin ya fara rawa a kan tebur yana nufo ni, na fita da gudu har bakin titi da takalmi ɗaya. Madam ce ta miƙa hannu ta kashe shi, ba ta ko ajiye biron da take rubutu da shi ba.

Masu zuwa kuwa, kada girman mutum ya ruɗe ku. Na riƙe hannun wani ƙaton mahauci, mutumin da kullum bijimi yake kayarwa, yana ganin jininsa ya hau kwalba sai ya sulale ƙasa, muka yi ta yi mashi fifita da kwali. Tsofaffin mata su ne jarumai, suna miƙa hannu suna ba ka labarin jikokinsu. Aikina a nan in ɗaure damtse, in riƙe hannu, in yi ta surutu har a gama mutum bai sani ba. Surutu dai Allah ya ba ni, ko Baba bai taɓa kushe ni a nan ba.

Sai shekarar korona ta zo. Gari ya yi tsit, an rufe kasuwa, an hana taro. Mu kuma aiki ya ninka. Ba mu ne masu zura tsinke a hanci ba, namu jini ne. Daga wurin da aka killace marasa lafiya ake kawo mana kwalabe a cikin kula mai ƙanƙara, kowace a ɗaure cikin leda, ba suna a jiki sai lamba. Muka shiga rigunan roba da takunkumi a tsakiyar zafin bazara, in na cire da yamma sai in ga na ragu kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Mai shayin bakin layinmu ya ware mani kofi nawa ni kaɗai, yana miƙo shi daga nesa kamar yana ba kura. Wasu abokan aikinmu suka tuna suna da ciwon baya, suka koma gida. Madam ba ta yi fashin ko yini ɗaya ba.

Wata rana ina goge tebur na tambaye ta, tunda an riga an san mutum yana da cutar, me kuma ake nema a jininsa. Ta ce in ɗauka jikin mutum unguwa ce mai 'yan sintiri. In ɓarawo ya shigo sai su taso da ihu da gora, kuma wannan hayaniyar tana barin alama a jini, ita ce alamar kumburi. Wani lokaci 'yan sintirin kan fi ɓarawon ɓarna, su farfasa tukwanen mutane, su tare hanyoyi, a nan jini yakan fara daskarewa a cikin jijiya, wannan ma da alamarsa. In kuma an kori ɓarawo, akwai waɗanda suke riƙe kamanninsa, su tasu alamar sai daga baya take tasowa, ta daɗe. Ta ce abin da ya sa take ajiye ruwan jinin kowa a firiji shi ne, gwaji ɗaya ba ya gaya maka ko wuta tana ci ne ko tana mutuwa, sai ka gwada na yau da na baya. Na ce ni dai a wurin Baba abin da na sani, baƙin jini shi ne mugu. Ta ce launi ba ya faɗin komai. Na ji haushin wannan a madadin Baba.

A cikin waɗanda aka killace akwai Lawal Baduku, mai ɗinkin fata a bayan hasumiyar Gobarau. Ni da shi sanyi ɗaya Babana ya yi mana kaciya, tabarma ɗaya muka yi jinya, don haka ba abin da ba ma gaya wa juna. Allah ya tashe shi, aka sallame shi, unguwa ta yi ta barka. Likitan da yake duba shi ya ce ya dawo a sake ɗibar jini a ga yadda cikin yake. Lawal ya ce ya ji, ya tafi gida ya zauna.

Matarsa Hure ce ta aiko a kira ni. Ta gaya mani daga bayan labule cewa mutumin nan bai warke ba. Daga zaure zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango yana haki, ga sharaɓarsa ɗaya ta kumbura tana zafi, kuma ya rantse ba mai sake huda shi. Na shiga na same shi a kan buzu yana riƙe da basilla ba ya ɗinka komai. Muka gaisa, na tambayi jiki, ya tambayi iyali, na ce mashi ya rame ya koma kamar tsohuwar jakar da ya ɗinka. Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni, jinin da aka ɗiba masa a can, ina sauransa. Na ce yana firijin Madam, amma ni ban san wanne ne nashi ba, lamba ce a jiki.

Ya dube ni ya ce, "Garba, tun ina saurayi babanka yake yi mani ƙaho. Bai taɓa tashi ba sai ya tona rami a gabana, ya juye jinin, ya zuba toka, ya rufe, ya taka da ƙafa. Kai ɗansa ka sa ni a firiji kamar kifi, ko suna babu. Wanga jini nawa ne. A maido mani in binne, sannan a yi maganar wani."

Gaskiya ya faɗa, don ni ne nake riƙe wa Baba tokar. A wurinmu jinin mutum da gashinsa da farcensa ba a barinsu a sarari, wasu don tsoron mai mugun nufi, wasu don kawai ɗan Adam yana da daraja ko da ɗigonsa ne. Ga kuma jita-jitar da ta cika gari a lokacin, cewa jinin masu korona sayar da shi ake yi.

Da na kai wa Madam labari, tana jin haki da kumburin ƙafa ɗaya sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce wannan ba na jira ba ne, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, in gudan ya ɓalle ya tafi huhu mutum yana tsaye zai faɗi. Ta ce dole likita ya gan shi, kuma dole a ɗibi jini. Amma jinin mai wannan cuta ba ya fita daga ɗakin nan zuwa gidan kowa, doka ce, kuma ko da babu doka, ba za ta aika wa Hure da jikokinta cuta a kwalba ba.

Ni kuwa tun a hanya na riga na gama dabara, har ina jin daɗin kaina. Na ce abu mai sauƙi ne. In je kwata in samo jinin akuya, mu zuba a kwalba mai jan murfi, mu liƙa lamba, Lawal ya binne abinsa hankalinsa ya kwanta, mu kuma mu samu hannunsa. Ba wanda ya cutu sai akuyar, ita kuma an riga an yanka ta.

Madam ta cire tabarau ta dube ni. "Baba Wanzam, mutumin da zan gaya wa abin da ke cikin jininsa, in na fara da yi masa ƙarya a kan jinin, da wane baki zan ce ya yarda da sakamakon? Je ka ɗauko shi."

Na ɗauko shi a keke napep, yana zagina tun daga Gobarau har Ƙofar Kaura, yana tsayawa yana numfashi tsakanin zagi da zagi. Madam ta fito har bakin ƙofa, ta rusuna ta gaishe shi, Baba ya jiki, ya gida, ya su Mama, ya ƙarfin jiki, ba ta gaggauta ba ko kaɗan duk da na san hankalinta yana kan ƙafarsa. Ta sa aka ba shi takunkumi da kujera. Ta gaya mashi cewa ita ma kakarta a ƙauye ba ta barin gashin da ta taje a ƙasa, kuma ita kanta ta san gindin bishiyar da aka binne cibiyarta. Sannan ta sa safar hannu ta buɗe firiji, ta nemo lambarsa, ta ɗaga 'yar kwalbar daga nesa ya gani.

Lawal ya ƙura ido. Abin da ke ciki ruwa ne rawaya, ya daskare. Ya ce wannan ai ba jini ba ne, man gyaɗa ne, in wannan ne ta riƙe abinta. Ni ina bayansa ina ta gyaɗa wa Madam kai kamar ƙadangare, ga ƙofa ta buɗe da kanta, ta shige kawai. Sai ta ce a'a, Baba, naka ne, ruwan jininka ne, daga jikinka ya fito, ba zan riƙe shi a kan ba naka ba ne. Ya ce to ina jan.

"An ƙone shi, Baba," in ji ta. "Haka muke yi da na kowa, don kada ya cutar da wani. Ba wanda ya tambaye ka, ni ma ban tambaya ba. Wanda ya wuce ba zan iya maido maka ba. Amma daga yau naka ba zai ga wuta ba, a gabanka za a binne shi a bayan ɗakin nan. Wannan ruwan kuma ina roƙon ka bar mani aro, in riƙa gwada shi da na gaba, in ka warke mu binne shi tare."

Na ce a raina shi ke nan, ta kashe magana. Mutumin da firiji ya ɓata wa rai, an ce mashi wuta. Numfashin Lawal yana fita da ƙyar. Ya sunkuyar da kai yana murza carbinsa. Can sai ya fara naɗe hannun rigarsa.

"Da kin ce mani yana nan a wani ɗaki, da na yarda, don ban san komai ba," ya ce. "Ke za ki huda ni. Kai kuma ɗan wanzam matsa can, girata biyu ce ina son abina."

Ku da kuke ganin aikin allura ne kawai, ranar nan allurar ita ce mafi sauƙi. Madam ta shafa jijiya da yatsa sau ɗaya, ta shiga, ta cika mai shuɗin murfi daidai layi, ta cika mai ja. Ni na jera su a injin juyi, kowace da 'yar'uwarta. Kafin la'asar ta kira likita a waya. Alamar daskarewa ta hau sosai, alamar kumburi ma ba ta sauka yadda ya kamata ba in aka gwada da ta farkon da ke firiji. Daga wurinmu asibiti aka wuce da Lawal, aka yi hoton ƙafar, aka samu gudan jini a jijiya, aka ɗora shi a kan maganin tsinka jini. Amma kafin ya hau napep sai da ya sa aka cika mashi alkawari.

A bayan ɗakin gwajin akwai ɗan fili da darbejiya, nesa da rijiya. Madam ta zuba ruwan kashe ƙwayar cuta a kan ragowar jinin ta bar shi ya jiƙa. Lawal ya tambaya ko wanke shi take yi, ta ce kusan haka ne, ya nuna ni ya ce uban wannan toka yake sawa, ta ce to a ƙara da tokar. Na ari fartanya a wurin mai gadi na tona rami, Madam tana cewa in ƙara zurfi, Lawal yana cewa Baba ya fi ni iya tono. Ta juye, na barbaɗa toka daga murhun mai shayi, na rufe. Lawal ya miƙe da ƙyar, ya dafa kafaɗata, ya taka wurin da lafiyayyar ƙafarsa.

Haka muka yi ta yi wata bayan wata. Ya zo, a ɗiba, a juya, a gwada, a fita bayan ɗaki. Kowane zuwa Madam takan zaunar da shi ta gaya mashi abin da ta gani, ba ƙari ba ragi. Alamar kumburi ta kwanta. Ta daskarewa ta yi ta sauka a hankali, har wata rana ta ɗan sake ɗagawa, ta tambaye shi ko yana shan magani, ya amsa cewa ya ɗan huta da shi, ta yi mashi faɗan da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba, ya sunkuyar da kai yana cewa to 'yata. Alamar masu riƙe kamannin cutar kuwa ta tashi ta tsaya, sannan ta fara ja da baya kaɗan-kaɗan, ta ce haka takan yi, kada ya ɗauka ya zama ƙarfe. Ranar da ya zo da ƙafarsa tun daga Gobarau bai dafa bangon kowa ba, likita ya ce ya isa haka. Madam ta fito da ruwan farkon nan da duk na bayansa daga firiji, ta nuna mashi lambobin ɗaya bayan ɗaya, muka binne su rami ɗaya.

Na ɗauka an gama ke nan. Ashe Lawal ya baza labari a rumfar dukawa da masallacinsu cewa akwai wata Madam a Ƙofar Kaura da ba ta ƙarya kuma tana binne jini. Tsofaffin da suka sha cutar suka ɓoye a gida, masu haki da masu kasala da waɗanda ko asibiti ba su taɓa takawa ba, suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sharaɗin Lawal. A cikinsu an samu waɗanda aka tura wa likita a ranar, kamar yadda aka yi da shi. Madam ta sa aka kewaye gindin darbejiyar da bulo, ta sa aka sayo fartanya tamu ta kanmu, don mai gadi ya fara ƙorafi.

Fartanyar nan ce za ku gani a jingine bayan ƙofa, kusa da injin juyi. Ba mantuwar lebura ba ce, kayan aiki ce, kada wanda ya fitar da ita. Har yau in tsoho ya miƙa hannu, kafin ku ɗaure damtse ku tambaye shi yadda yake so a yi da ragowar. Mafi yawa za su ce ba ruwansu. Wanda ya ce a binne, ku jiƙa da ruwan magani, ku tona har gwiwar hannu ta nutse, toka tana wurin mai shayi. Ni bayana ya daina lanƙwasuwa, don haka tonon naku ne. Zan dai zo in tsaya a kanku in ce Baba ya fi ku iyawa.